Laifin Flaubert: Yadda Aka Gurfanar da Littafin Madame Bovary a Gaban Kotu

Duk wanda ya ji cewa gwamnatin Faransa ta taɓa maka marubuci a kotu saboda littafinsa ya keta haddin tarbiyya, idan ya nemo littafin da zaton zai tarar da batsa, zai ajiye shi yana tambayar kansa ina batsar take. Littafin shi ne Madame Bovary, marubucin Gustave Flaubert, an kuma yi zaman shari'ar a birnin Paris ranar 29 ga Janairun 1857. Babu ashar a cikinsa, babu bayanin kwanciya dalla-dalla, matar da ta ci amanar aurenta a labarin kuwa mummunan ƙarshe ta yi. Duk da haka lauyan gwamnati ya miƙe gaban alƙalai yana neman a hukunta wanda ya rubuta shi.

Yadda aka saba ba da labarin shi ne wani lauya mai gajeren tunani ya kasa gane fasaha, kotu ta ba shi kunya, adabi ya yi nasara. Ni gani nake akasin haka ne ya faru. Lauyan gwamnatin ya fi lauyan da ya kare Flaubert gane littafin, abin da ya firgita shi kuma yana nan a ciki da gaske.

Labarin kansa ba shi da sarƙaƙiya. Emma 'yar wani manomi ce mai rufin asiri a yankin Normandi. An kai ta makarantar kwana ta sistoci a birnin Rouen, inda wata tsohuwa mai zuwa yi musu ɗinkin tufafi take shigo wa 'yan matan da littattafan soyayya a ɓoye cikin aljihu. Da su Emma ta cika kanta. Sai ta auri Charles Bovary, wani ƙaramin likitan ƙauye wanda takardarsa ba ta kai ta cikakken likita ba, mutumin kirki mai sonta kamar ransa, amma maras kuzari, wanda hirarsa ba ta wuce abin da kowa ya sani. Ta jira irin soyayyar da ta karanta, ba ta zo ba. Ta faɗa hannun Rodolphe, wani mai gonaki da ya ƙware wajen yaudarar mata, ya more ta, ya rubuto mata wasiƙar rabuwa a daidai lokacin da suka shirya guduwa tare. Ta koma ga Léon, wani matashi akawun lauya. Ana cikin haka wani ɗan kasuwa mai suna Lheureux yana ta tura mata kaya bashi, yadi, labule, darduma, yana sa ta sa hannu a takarda bayan takarda, har ranar da kotu ta ba ta kwana ɗaya ta biya faran 8,000, kuɗin Faransa na lokacin, ko a yi gwanjon kayan gidan. Ta zaga duk inda take sa ran taimako, ba wanda ya kula ta. Sai ta shiga ɗakin ajiya na mai kemis ɗin garin, ta dumbuzi gubar arsenik ta ci.

Sai an san matsayin matar aure a Faransa ta wancan zamani kafin a gane nauyin wannan labari. An soke saki a ƙasar tun 1816, ba a dawo da shi ba sai 1884, wato matar da aure ya yi wa zafi ba ta da ƙofar fita. Dokar laifuffuka ta 1810 ta tanadi ɗaurin wata uku zuwa shekara biyu ga matar da aka kama da kwartanci. Namiji kuwa babu abin da zai same shi sai in ya ajiye daduronsa a cikin gidan auren, a nan ma tara ce kawai. Gado, suna da dukiyar masu hali duk sun rataya ne a kan tabbacin cewa 'ya'yan da matar ta haifa na mijin ne. Saboda haka littafin da zai zauna cikin zuciyar irin wannan mata na shafuka ɗaruruwa, yana nuna yadda take gani da yadda take ji, ya taɓo wurin da ke yi wa masu iko ƙaiƙayi.

Flaubert ya fara rubutun a watan Satumban 1851 ya gama a Afrilun 1856, yana zaune a gidansu na Croisset a bakin kogin Seine, wani lokaci ya shafe kwanaki a kan shafi guda, yana karanta jimlolinsa da ƙarfi don ya ji inda suka yi tuntuɓe. A cikin waɗannan shekarun ne ƙasar ta sauya hannu. Shugaban ƙasa Louis-Napoleon ya yi juyin mulki ranar 2 ga Disambar 1851, bayan shekara guda ya naɗa kansa sarki da sunan Napoleon na Uku. Dokar 'yan jarida ta Fabrairun 1852 ta ba hukuma damar aika wa jarida takardar gargaɗi, kuma wadda ta samu biyu ana iya dakatar da ita. Mujallar da ta karɓi littafin don ta riƙa fitar da shi kashi-kashi, Revue de Paris, an san ta da ra'ayin 'yan adawa, kuma ta riga ta sha gargaɗi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Shi ya sa almakashin farko da ya taɓa littafin ba na gwamnati ba ne, na abokai ne. Maxime Du Camp, amininsa da suka yi tafiyar Masar tare tsakanin 1849 da 1851, yana cikin masu mujallar. A watan Yulin 1856 ya rubuto masa cewa labarin ya nutse cikin tarkace, ya bari su ba wani gwani ya rage shi, kuɗin aikin bai wuce faran ɗari ba, za a cire daga ladansa. Flaubert ya juya bayan wasiƙar ya rubuta kalma ɗaya ta ba'a, ya ƙi. Aka fara bugawa ranar 1 ga Oktoba. Wasiƙun ƙorafi suka fara shigowa daga masu karatu, gaban editocin ya fara faɗuwa, da aka zo fitowar 1 ga Disamba sai suka cire wani wuri ɗungurungum.

Wurin da suka cire ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne ya fi shahara a littafin. Emma da Léon sun haɗu a babbar majami'ar Rouen. Ta zo ne da wasiƙar da ta rubuta don ta ce masa ba za ta yi ba. Shi kuwa ya aika a kira keken doki na haya, irin mai rufi da labule. Ta ce wannan bai dace ba, ya ce ai haka ake yi a Paris, wannan magana kaɗai ta karya mata lago. Suka shiga, aka saki labule. Daga nan marubucin bai sake shigar da mai karatu cikin keken ba. Abin da ya biyo baya jerin sunayen tituna ne da unguwanni, keken ya bi nan ya ɓulla can, ya fita bayan gari ya dawo. Duk lokacin da mai tuƙin ya ja linzami zai tsaya, sai wata murya daga ciki ta daka masa tsawa ya ci gaba. Gumi ya jiƙa dawakan, ƙishirwa ta kama mutumin har yana neman yin kuka, mutanen gari suna bin keken da kallo. Sau ɗaya tak aka ga wani abu: hannu ba safa ya fito ta ƙarƙashin labule ya watsar da yagaggun takardu, iska ta kwashe su. Wasiƙar ce. Wajen ƙarfe shida keken ya tsaya a wani lungu, wata mata ta fito fuskarta a lulluɓe, ta tafi ba ta waiwayo ba.

Iyakar abin ke nan. Ko yatsa ba a nuna yana taɓa yatsa ba. Amma editocin suka yi gudun gara suka faɗa gidan zago, domin a gurbin da suka cire sun sa 'yar sanarwa cewa an cire wani sashe da bai dace da mujallar ba. A fitowar ƙarshe, ta 15 ga Disamba, suka sake yanke wasu wurare, Flaubert ya fusata ya tilasta su buga tasa sanarwar, cewa ba ya ɗaukar alhakin abin da ke tafe, masu karatu su ɗauke shi gutsattsari ba cikakken aiki ba. Sanarwa biyu cikin mako biyu, kowacce tana shelar cewa akwai abin da aka ɓoye. Mai karatu ya cike gurbin da abin da ya fi wanda aka cire muni, jami'an sa ido kuma suka samu abin kamawa.

Aka tuhumi mutum uku: Flaubert, da Léon Laurent-Pichat mai kula da mujallar, da Auguste Pillet mai maɗaba'a. Dokar da aka yi amfani da ita ta 17 ga Mayun 1819 ce, wadda ta haramta cin zarafin tarbiyyar jama'a da ta addini da kyawawan ɗabi'u. Flaubert ya yi imanin cewa mujallar ake hari, shi dai tsani ne kawai. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, tunda shekara guda bayan haka, a Janairun 1858, bayan harin bam da aka kai wa sarkin, gwamnati ta rufe mujallar baki ɗaya. Amma siyasa kaɗai ba ta isa bayani ba, don abin da aka yi jayayya a kansa a kotu jimlolin littafin ne, ɗaya bayan ɗaya.

Kada kuma a ɗauka marubucin ya naɗe hannu ya dogara da darajar fasaha. Mahaifinsa ya shekara fiye da talatin yana babban likitan tiyata a babban asibitin Rouen, bayan rasuwarsa yayan Gustave, Achille, ya gaje kujerar. Wasiƙun da ya riƙa aika wa yayan nasa a watan Janairu cike suke da umarni: a sa manyan gari su rubuta wa Paris, ma'aikatar cikin gida ta san cewa su gida ne mai tushe a Rouen, taɓa su ba zai zo da sauƙi ba. Manyan mata masu faɗa a ji a fada ma sun sa baki. Ya kuma ɗauki hayar mai rubutun gaggawa da kuɗinsa ya rubuta duk abin da aka faɗa a kotu, dalilin da ya sa muke da jawaban a yau ke nan.

Mai gabatar da ƙara Ernest Pinard ne, ɗan shekara 34. Bai musanta gwanintar Flaubert ba, ya ma yaba ta, ya ce matsalar ita ce gwanintar ba ta da linzami. Ya zaɓo wurare huɗu ya karanta wa kotu: faɗawar Emma ta farko da Rodolphe, komawarta ga addini tsakanin masoyan biyu, zamanta da Léon, da mutuwarta. Game da keken dokin ya yi wata magana mai kaifi, ya ce mujallar ta sakar wa keken labule amma ta bar mu mun shiga ɗakin otal ɗin da suke haɗuwa.

Wurin da ya fi tsaya masa a rai shi ne abin da ya biyo bayan faɗawar farko. Emma ta dawo gida daga daji, ta shiga ɗaki ta kulle, ta dubi madubi ta ga fuskarta ta sauya, idanunta sun ƙara girma da baƙi. Tana ta maimaita wa kanta cewa ta samu masoyi, ta samu masoyi. Babu kuka, babu nadama. Sai jimlolin da suka biyo baya suka ce ga shi a ƙarshe za ta mallaki daɗin so da zazzaɓin farin cikin da ta fid da rai da samu, tana shiga wata duniya ta al'ajabi inda komai shauƙi ne. Pinard ya ce wannan kirari ne ake yi wa zina, kuma kirarin ya fi zinar kanta haɗari.

Tambayar da duk shari'ar ta rataya a kanta ita ce: wa ke magana a waɗannan jimloli? A tsohon salon ba da labari, in tauraruwa za ta yi tunani sai a ce "ta ce a ranta", a buɗe baka a rufe, sannan mai ba da labari ya dawo da muryarsa ya ce kaico, ba ta san halaka ta kama ba. Flaubert ya ɗauke wannan shinge. Yakan zuba tunanin Emma kai tsaye cikin muryar mai ba da labari, da irin kalmominta na littattafan soyayya, ba tare da alamar da za ta ce nan nata ne, nan nawa ne ba. Mai karatu mai lura zai ji ba'a a ƙarƙashi, don kalmomin sun yi zaƙi fiye da kima, kuma ya riga ya san Rodolphe tun kafin ya fara nemanta yake lissafin yadda zai rabu da ita. Amma ba'ar ba a rubuce take ba, babu layin da za ka ɗora yatsa ka ce ga inda marubuci ya yi tir. Da gangan ya yi haka. A wasiƙunsa ya sha faɗin cewa marubuci ya kamata a ji shi ko'ina a cikin aikinsa amma kada a gan shi ko'ina. Ba shi ya ƙago salon ba, akwai waɗanda suka riga shi, sai dai kafin shi ba a cika gina littafi sukutum a kansa ba, balle a kan maganar da ta shafi gadon aure.

Pinard ya yi kuskure da ya jingina wa Flaubert kowace jimlar Emma. Amma da ya zo ƙarshen jawabinsa ya yi tambayar da ta nuna ya gano bakin zaren. Ya ce a cikin littafin nan wa zai iya hukunta matar nan? Mijin ne, wanda bayan mutuwarta ya gano wasiƙun masoyanta amma sonta ya ƙaru, har ya ce wa Rodolphe laifin ƙaddara ne? Limamin cocin ne, wanda ranar da ta je masa da damuwar zuciya ya ɗauka ciwon ciki ke damunta? Mai kemis ne, sarkin surutu da son a sani? Ya ce idan babu mutum ɗaya, babu ra'ayi ɗaya a littafin da zai sa ta sunkuyar da kai, to ita ce mai gaskiya ke nan a cikinsa. Ko an yarda da hukuncin da ya ɗora a kan wannan ko ba a yarda ba, bayanin nasa daidai ne. Babu mai wa'azi a littafin.

Ta fuskar addini, abin da ya fi ɓata masa rai shi ne shafa man da limamin Katolika ke yi wa mai gargarar mutuwa. Flaubert ya bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, amma kowace gaɓa ya haɗa ta da abin da ta yi sha'awa: idanun da suka yi kwaɗayin kayan duniya, hancin da ke son ƙamshi, bakin da ya buɗe don ƙarya, hannuwa, sannan tafin ƙafafun da a da suke sauri zuwa biyan bukata, yanzu kuwa ba za su ƙara tafiya ba. Tana cikin haka sai ta jiyo wani makaho mabaraci a waje yana rera waƙar banza, ta fashe da wata muguwar dariya, rai ya fita. Daren zaman gawa kuma limamin da mai kemis suka yi ta musu a kan addini har barci ya kwashe su, da asuba suka ci cuku da burodi suka kora da giya. A wurin Pinard wannan gauraya tsarki da sha'awa ne.

Sai ya kawo hujjar da har yau ba ta tsufa ba. Ya ce su wa ke karanta irin wannan littafi, masana tattalin arziki ne? 'Yan mata ne, wani lokaci matan aure, kuma idan zuciya ta riga ta kamu, sanyin hankali ba ya iya janyo ta. Abin dariyar shi ne littafin da kansa ya riga shi faɗin haka. Littattafan soyayya ne suka lalata wa Emma tunani, har akwai wurin da uwar mijinta ta yanke shawarar a hana ta karatu, ta ɗauki alkawarin biyawa ta wurin mai ba da hayar littattafai ta soke rajistarta, tana cewa in ya ƙi a kira masa 'yan sanda don mai sayar da guba ne. Wato Flaubert ya riga ya zana Pinard a cikin littafin, da zane da ɗankwali.

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne ga wannan zance. Zargin da aka yi ta yi wa littattafan soyayya na kasuwar Kano ke nan tun shekarun 1990, cewa suna hure wa 'yan mata kunne suna hana su karatun boko, har aka kai ga ƙona wasu a bainar jama'a a Kano a 2007. Amsar da marubutan suka saba bayarwa, cewa faɗakarwa suke yi, suna nuna mugun abu ne don a guje shi, ita ce kuma amsar da lauyan Flaubert ya bayar. Bambancin shi ne yawancin marubutanmu da gaske suke, sun yarda aikin marubuci gyaran al'umma ne, kuma za ka ga nasihar ɓaro-ɓaro a shafin ƙarshe. Flaubert bai yarda da haka ba ko kaɗan. Ya dai yi shiru ya bar lauyansa ya faɗa.

Lauyan shi ne Jules Sénard, dattijo ɗan Rouen, wanda ya taɓa shugabantar majalisar dokoki ya kuma riƙe ma'aikatar cikin gida a 1848. Ya yi magana fiye da awa huɗu. Bai ce marubuci yana da 'yancin rubuta abin da ya ga dama ba, bai ce fasaha daban tarbiyya daban ba. Da ya faɗi haka da sun sha kaye. Ya fara ne da asalin wanda ake tuhuma, ɗan wane ne, ƙanin wane ne, mai abin hannunsa ne ba mai rubutu don neman na abinci ba. Sannan ya karɓi ma'aunin Pinard gaba ɗaya ya juya shi: littafin, in ji shi, kira ne zuwa ga nagarta ta hanyar nuna munin alfasha. Darasinsa shi ne haɗarin ba yarinya tarbiyyar da ta fi matsayin gidan da za ta zauna. Wace uwa ce za ta karanta irin mutuwar da Emma ta yi, da aman baƙin ruwa, ta ce an kwaɗaita wa 'yarta zina?

Ya yi dabaru masu kyau. Ya ɗauko sashen keken dokin da aka cire ya karanta shi a kotu daga farko har ƙarshe, kowa ya ji babu komai a ciki. Ya fito da wani littafin koyar da addini da wani limami ya rubuta, ya nuna cewa jerin gaɓoɓin nan da zunubansu daga can Flaubert ya samo su, har ma ya sassauta lafazin. Ya karanto wurare daga manyan malaman coci irin su Bossuet da Massillon, da marubutan da ake girmamawa, inda suka yi maganar sha'awa da zafin da ya fi na Flaubert. Ya kuma shaida wa kotu cewa Lamartine, mawaƙin da duk ƙasar ke ganin tsarkin alƙalaminsa, ya yaba littafin.

Jawabi ne na gwani, amma ba littafin da Flaubert ya rubuta yake bayyanawa ba. Ba kwartanci ne ya kashe Emma ba, bashi ne. Da Rodolphe ya ba ta faran 3,000 da ta roƙa a ranar ƙarshe, da wataƙila ta kwana da ranta. Masoyan biyu babu abin da ya same su, Léon ma aure ya yi. Ɗan kasuwar da ya talauta gidan harkarsa ta ci gaba da bunƙasa. Charles, wanda bai cuci kowa ba, ya mutu a kan benci a lambu ba shi da ko sisi. 'Yarsu Berthe, wadda ba ta san hawa ba ta san sauka ba, aka tura ta aikin masaƙar auduga. Jimlar ƙarshe ta littafin kuwa labari ce cewa mai kemis, wanda sakacinsa ya bar guba a inda za a ɗauka, ya samu lambar girmamawa ta ƙasa. In wa'azi ne wannan, to ba irin wanda Sénard ya sayar wa alƙalai ba ne.

Ranar 7 ga Fabrairu kotu ta sallami mutanen uku ba tare da ta ɗora musu kuɗin shari'a ba. Amma wanda ya karanta hukuncin zai ga rabinsa faɗa ne. Alƙalan sun ce littafin ya cancanci kakkausan zargi, aikin adabi shi ne ɗaukaka hankali da tsarkake ɗabi'a, ba zana ɓarna ba, kuma akwai iyakar da ko rubutun nishaɗi bai kamata ya tsallake ba. Abin da ya cece shi, a cewarsu, wuraren da ake ƙorafi a kansu kaɗan ne idan aka auna da girman aikin, an ga alamar ya sha wahala a kansa, kuma ya bayyana girmamawarsa ga tarbiyya da addini. A taƙaice kotu ta yarda da ƙa'idar Pinard, ta dai yi wa ɗan gidan mutunci uzuri.

Abin da ya faru bayan wata shida ya ƙara fito da hakan. Ranar 20 ga Agustan 1857 Pinard ɗin nan dai ya gurfanar da mawaƙi Charles Baudelaire saboda kundin waƙoƙinsa Les Fleurs du mal, a ƙarƙashin dokar nan dai. Baudelaire mutum ne da bashi ya yi wa katutu, an san shi da zaman bariki, ba shi da garin da zai tsaya masa, waƙa kuma ba ta da labarin da za a ce ga inda mai laifi ya gamu da sakamakonsa. Aka ci shi tarar faran 300, daga baya aka rage zuwa 50 bayan ya kai kuka ga matar sarki, aka kuma ba da umarnin cire waƙoƙi shida. Ba a soke wannan hukunci ba sai 1949. Pinard kuwa gaba ya yi ta yi, har ya zama ministan cikin gida a 1867.

Madame Bovary ya fito a matsayin littafi a Afrilun 1857 daga kamfanin Michel Lévy, da sashen keken dokin a mazauninsa, da sadaukarwa ga Sénard a shafin farko. Dubban kwafi suka ƙare cikin 'yan watanni, sai dai Flaubert ya riga ya sayar da haƙƙin bugawa na shekara biyar a kan faran 800, don haka mai kamfanin ne ya kwashi garaɓasar. Fadar Paparoma ta sa littafin cikin jerin waɗanda aka haramta wa mabiya Katolika karantawa a 1864, jerin da ba a daina aiki da shi ba sai 1966. A bugun 1873 aka haɗa jawabin Pinard da na Sénard da hukuncin kotu a bayan littafin, har yau kuma bugu da yawa suna tafe da su.

A farkon 1880, da aka tuhumi almajirinsa Guy de Maupassant saboda wata waƙa, Flaubert ya rubuta wasiƙar kare shi da aka buga a jarida, a ciki ya ce shari'ar 1857 ta yi masa gagarumin talla, kuma kashi uku cikin huɗu na nasarar littafin daga gare ta ne. Aka janye ƙarar Maupassant. Tallan dai bai taɓa yi masa daɗi ba, don duk abin da ya rubuta daga baya da wannan littafi ake auna shi, mutane kuma suna zuwa masa ne da tambayar wace mata ce ta gaske a bayan Emma. A 1879, lokacin da dukiyarsa ta riga ta narke wajen ceto mijin 'yar ƙanwarsa daga karayar arziki, ya rubuta wa mai buga masa littattafai, Georges Charpentier, cewa littafin ya ishe shi, kuma ba don yana bukatar kuɗi ba da ya hana a sake buga shi.